Fararen Hanyoyin Toskana: Tafiyar Keke Cikin Gonakin Inabi

A ko'ina cikin duniya, idan mutanen ƙauye suka sami damar kai kukansu wurin hukuma, abin da sukan fara roƙo shi ne a zuba musu kwalta a hanya. Ba kuwa wanda zai ga laifinsu, gama wanda ya taɓa ɗaukar marar lafiya zuwa asibiti da damina a kan hanyar burji ya san amfanin kwalta. Amma akwai wani yanki a ƙasar Italiya inda waɗansu mutane suka tashi tsaye suna roƙo a bar musu sauran hanyoyinsu na tsakuwa yadda suke. Abin mamaki, yau waɗannan hanyoyi su ne suke jawo baƙi daga ƙasashe masu nisa, kowa da kekensa. A wannan wata can za mu kai masu karatunmu ziyara, mu ga ƙasar, mu bi hanyar, mu kuma ji yadda aka yi har abin da ake rainawa ya zama abin taƙama.

Ƙasar da gonakinta

Sunan yankin Toskana. Yana tsakiyar Italiya ta wajen yamma, arewa da birnin Roma. Babban birninsa shi ne Fulorans, akwai kuma wani tsohon birni mai suna Siyena, wajen kilomita 70 kudu da shi. Tsakanin biranen nan biyu akwai tuddai da ake kira Kiyanti. Ƙasar ba ta da miƙaƙƙen fili sai kaɗan. Da ka sauka daga wannan tudu sai ka tarar wani yana jiranka. A jikin tuddan an shuka kurangar inabi layi layi, an ɗaure ta a jikin waya, daga nesa sai ka ce kunyoyin gona ne aka ja da igiya. Tsakaninsu akwai gonakin zaitun da kurmi. A bakin hanyoyi kuma akwai wani irin itace dogo siriri mai tsini kamar mashi, wanda ganyensa ba ya kaɗewa rani da damina. Duk wanda ya taɓa ganin hoton Toskana ya ga itacen nan.

Noman inabi ya daɗe a wurin ƙwarai. A shekara ta 1716 mai mulkin Toskana, Cosimo na Uku, ya yi doka wadda ta shata iyakar ƙasar da za a kira ruwan inabinta da sunan Kiyanti. Irin inabin da suka fi nomawa sunansa Sangiovese. Alamar manoman wurin kuwa baƙin zakara ne, har suna da tatsuniya a kansa. Wai Fulorans da Siyena sun gaji da yaƙi a kan iyaka, sai suka shirya kowane birni ya saki mahayin doki da carar zakara, inda mahayan suka haɗu nan ne iyaka. Mutanen Siyena suka zaɓi farin zakara, suka cika masa ciki. Mutanen Fulorans suka zaɓi baƙi, suka hana shi abinci. Yunwa ta sa baƙin zakara ya yi cara tun tsakar dare, mahayinsu ya kama hanya, bai gamu da abokin karawarsa ba sai dab da ganuwar Siyena. Wai ta haka yawancin Kiyanti ya faɗa hannun Fulorans.

Hanyoyin da suka ratsa gonakin nan da farin dutse aka yi su, irin wanda ake ƙonawa a sami farar ƙasa. Akan farfasa shi ya zama tsakuwa, a shimfiɗa, a daddale. Shi ya sa mutanen wurin suke ce musu strade bianche, wato fararen hanyoyi. Da rani ƙurarsu fara fat kamar garin rogo, da damina kuwa sai ta zama taɓo mai kama ƙafa.

Yadda gidajen gona suka zama kango

Shekaru ɗaruruwa manoman Toskana ba su mallaki gonakin da suke nomawa ba. Akwai wani tsari da ake kira mezzadria. Mai ƙasa yakan ba iyali gona da gida a tsakiyarta, su kuwa su ba da ƙarfinsu, da kaka a raba amfani biyu, rabi nasa rabi nasu. A gona ɗaya sukan shuka alkama, da inabi, da zaitun, suna huɗa da manyan fararen shanu da ake kira Chianina. Fararen hanyoyin nan amalanken shanu aka yi wa su, domin kai amfani daga gona zuwa gidan mai ƙasa da kasuwa.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu masana'antu suka bunƙasa a biranen Italiya. Samari suka ga wanda yake aikin albashi yana da lantarki da ruwan famfo, su kuwa suna raba guminsu da wani. Cikin shekarun 1950 da 1960 iyalai suka yi ta kulle ƙofa suna komawa birni. A 1964 gwamnati ta hana ƙulla sabuwar yarjejeniyar raba amfani. Gidajen gona da yawa suka zama kango, ciyawa ta rufe farfajiya. A kudancin Siyena makiyaya daga tsibirin Sardiniya suka zo da tumakinsu suka sayi waɗansu gonakin da aka bari, zuriyarsu tana nan har yau tana yin cuku da nonon tumaki. A cikin Janairu na 1985 kuma aka yi wani matsanancin sanyi wanda ya ƙone itatuwan zaitun masu ɗimbin yawa. A shekarar ce dai gwamnatin Italiya ta yi dokar da ta tsara yadda manomi zai sauki baƙi a gidan gonarsa, ya ba su makwanci da abinci su biya, domin ya sami abin da zai riƙe shi a ƙauye.

Ana cikin haka kwalta tana ta cin fararen hanyoyi ɗaya bayan ɗaya, gama kowa yana ganinsu alamar talaucin da aka gudo wa.

Taron tsofaffin kekuna

A wani ƙaramin gari mai suna Gaiole, cikin tuddan Kiyanti, akwai wani mutum mai suna Giancarlo Brocci, mai ƙaunar keke da tarihinsa. A shekara ta 1997 ya kira taron hawan keke, ya sa masa suna L'Eroica, wato tafiyar jarumai. Nufinsa biyu ne. Yana so a tuna da mahayan dā waɗanda suka yi tsere a kan tsakuwa ba mota a bayansu, yana kuma so mutane su ga darajar fararen hanyoyi kafin su ƙare. Mutum 92 ne suka fito a karo na fari. Yanzu kuwa dubbai ne suke taruwa a Gaiole a farkon watan Oktoba kowace shekara, daidai lokacin da ake gama tsinkar inabi.

Taron yana da ƙa'ida mai ban sha'awa. Ba a shiga da keken zamani. Sai keken tsere na ƙarfe ƙirar 1987 ko kafin haka, ko kuwa sabo wanda aka ƙera bisa tsohon fasali. Abin canja giyarsa yana jikin ƙarfen keken a ƙasa, sai mahayi ya saki hannu ɗaya ya sunkuya kafin ya taɓa shi. Fedarsa tana da maɗaurin fata da ake zura ƙafa a ciki. Mahaya sukan sa rigunan ulu irin na kakanninsu, waɗansu har su rataya tayar ajiya a kafaɗa. Kekunan da suka yi shekaru suna tsatsa a rumbu aka fito da su, aka goge, aka sa musu mai. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu iya magana. Daga baya an yi irin wannan taro a Japan, da Amurka, da Afirka ta Kudu.

Akwai gajerun hanyoyi domin masu ƙaramin ƙarfi, amma doguwar ta kai kilomita 209, wajen rabinta tsakuwa ce. Idan aka tara dukan hawan da ke cikinta ya haura mita 3,000. An kakkafa alamomi a kanta, saboda haka ko ba ranar taro ba kowa yana iya binta da irin keken da yake da shi. Masu hankali sukan raba ta kwana uku ko huɗu, suna kwana a gidajen gona.

Mu kama hanya

Masu doguwar tafiya sukan bar Gaiole tun da asuba, da fitila a goshin keke. Hawa na fari mai wuya shi ne na fādar Brolio, gidan zuriyar Ricasoli. Ɗaya daga cikinsu, Bettino Ricasoli, shi ne ya zama Firayim Minista na biyu bayan haɗewar Italiya a 1861, shi ne kuma ya tsara yadda ake haɗa ruwan inabin Kiyanti a 1872. Ranar taro akan kunna 'yan fitilu a gefen hanyar da ta hau zuwa fādar, mahaya suna wucewa tsakaninsu cikin duhu, ba ka jin kome sai ƙarar tsakuwa da numfashin mutane.

Gari yana wayewa sai ga hasumiyoyin Siyena daga nesa. Hanya takan zaga gefen birnin ta nufi kudu, nan kuwa ƙasa takan sāke kama. Gonakin inabi da kurmi su ragu, sai tuddai masu laushi marasa itatuwa, ƙasarsu yumɓu mai launin toka. Ana kiran wurin Crete Senesi, wato yumɓun Siyena. A zamanin dā can teku ne ya rufe wurin, har yanzu akan tsinci bawon katantanwar teku a cikin ƙasar. Da bazararsu alkama takan rufe tuddan kore shar, bayan girbi kuwa su koma fari da toka kamar ba a taɓa shuka kome ba. Inuwa tana da wuyar samu, sai gidan gona ɗaya a kan tudu da 'yan itatuwansa.

Bayan ƙauyukan Radi da Murlo sai hawan Castiglion del Bosco, wanda yake ratsa kurmi zuwa garin Montalcino. Nan ne mutane da yawa sukan sauka su tura keke, ba kuwa abin kunya ba ne. Montalcino yana bisa tudu, fiye da mita 550 daga bakin teku, yana da tsohuwar ganuwa, inabinsa kuma ya yi suna a duniya. Daga can mutum yakan hangi dutsen Amiata, tsohon dutse mai aman wuta wanda ya daɗe da mutuwa, tsayinsa mita 1,738. A ƙarƙashinsa ga kwarin kogin Orcia, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2004. Wanda yake da lokaci yakan ratse kaɗan kudu da garin ya ga majami'ar Sant'Antimo, ginin ƙarni na 12, tana tsaye ita kaɗai a tsakiyar gonakin zaitun.

Daga Montalcino hanya takan juya arewa, ta bi ta Torrenieri da Buonconvento. A nan mahayi yana taka sawun mutanen dā, gama tsohuwar hanyar masu ziyarar ibada zuwa Roma, wadda ake kira Via Francigena, ta wannan kwari ta bi. A shekara ta 990 Babban Bishop na Kantabari a Ingila, mai suna Sigeric, ya bi ta sa'ad da yake komowa daga Roma, aka rubuta zango 79 da ya yi kafin ya kai bakin teku. Har yau za ka gamu da masu tafiya a ƙasa da jaka a baya da sanda a hannu, mai keke ya rage gudu, a gaisa, kowa ya wuce.

A wuraren hutawa ranar taro mutanen ƙauye sukan dafa wata miya da ake kira ribollita. Abincin talakawa ne na zamanin raba amfani. Wake ne da kabeji da busasshen burodin jiya, a dafa, washegari a sāke ɗumamawa, a zuba man zaitun. Ɗumame ke nan, amma yau baƙi daga Amurka da Jamus suna layi da kwano domin su samu.

Bayan garin Asciano sai wurin da kowa yake tsoro, wato Monte Sante Marie. Tsawonsa kilomita 11 da rabi ne, tsakuwa zalla, hawa da gangara suna bin juna. Mahayi yakan iso nan ne da rana tsaka, bayan ya riga ya gaji. Idan ya miƙe tsaye a kan feda tayar baya takan zame, idan ya zauna kuma ƙafa ta gaza. Wanda ya tsallake wannan sai ya bi ta Castelnuovo Berardenga ya koma cikin gonakin inabi, ya ratsa Radda, ya gangara Gaiole. Waɗansu ba su isa sai bayan faɗuwar rana.

Siyena da tseren gwanaye

Da taron ya yi suna, sai aka ce bari a gwada gwanayen tsere na duniya a kan hanyoyin nan. An fara a 2007, wani ɗan Rasha mai suna Alexandr Kolobnev ya ci. Tun daga 2008 aka mai da tseren farkon shekara, yawanci cikin watan Maris, yanzu kuma sunansa Strade Bianche. Fabian Cancellara na Suwizalan ya ci sau uku, a 2008 da 2012 da 2016, saboda haka aka sa wa hawan Monte Sante Marie sunansa. An fara na mata a 2015. Tadej Pogačar na Sulobeniya ya ci a 2022 da 2024 da 2025. A 2024 ya tsere wa sauran tun saura kilomita 81, ba wanda ya ƙara ganin ƙeyarsa. A 2025 kuwa ya faɗi a wata kwana, ya tashi da jini a kafaɗa, ya hau kekensa, ya kuma ci.

Ana gama tseren a tsakiyar Siyena. Kafin a kai, sai an hau wani ƙunƙuntaccen titi mai suna Santa Caterina, inda a wuri mafi tsanani kowace mita 100 da ka yi gaba ka hau mita 16 sama. Daga nan sai babban dandalin birnin, Piazza del Campo, wanda aka shimfiɗe da jan bulo. A dandalin nan ne ake sukuwar dawaki ta gargajiya ran 2 ga Yuli da 16 ga Agusta, inda unguwannin birnin 17 suke gasa, dawaki goma a kowane karo.

A cikin gidan hukumar birnin, a bakin dandalin, akwai wani zane a bango wanda Ambrogio Lorenzetti ya yi a 1338 zuwa 1339. Ya zana yadda ƙasa take zama a ƙarƙashin mulkin kirki. A ciki ga manoma suna aiki a gonakin inabi, ga jakuna da kaya suna shiga birni, ga matafiya a kan hanya ba mai tsoron ɗan fashi. Masu mulkin Siyena sun sa an yi zanen a ɗakin da suke zaman shawara, domin kullum su riƙa tunawa arzikin birni a kan hanyar ƙauye yake shigowa.

Keken da ya ɗauki asiri

Ba a maganar keke a Toskana ba a ambaci Gino Bartali ba. An haife shi a 1914 kusa da Fulorans. Ya ci babban tseren Italiya sau uku, ya ci na Faransa a 1938 da 1948. Mutum ne mai riƙon addini ƙwarai. A 1943 da 1944, sa'ad da sojojin Jamus suke farautar Yahudawa a Italiya, ya shiga wata ƙungiyar asiri wadda Babban Bishop na Fulorans, Elia Dalla Costa, yake cikin shugabanninta. Yakan naɗe takardun shaida ya cusa cikin bututun ƙarfen kekensa, ya kama hanya kamar mai motsa jiki, ya kai su inda ake bukata, har garin Assisi. Da an kama shi da ransa ne zai biya. Bayan yaƙi bai yarda ya yi ta ba da labarin ba. Ya rasu a 2000, a 2013 kuma cibiyar Yad Vashem ta Urushalima ta sa sunansa cikin waɗanda suka ceci Yahudawa. Irin su Bartali ne masu taron Gaiole suke tunawa da rigunansu na ulu.

Keken tsakuwa da shirin tafiya

A 'yan shekarun nan masu ƙera kekuna sun fito da wani iri musamman domin irin wannan hanya. Yana kama da keken tsere, da lanƙwasasshen mariƙi, amma tayarsa ta fi fāɗi, daga milimita 35 zuwa 50. Ba a cika mata iska tam, domin taya mai ɗan laushi ta fi kama tsakuwa, ta kuma rage jijjiga. Da yawa ba su da tub a ciki, sai wani farin ruwa mai kauri wanda yake toshe ƙaramin huji da kansa. Birkinsa faifai yake kamawa a tsakiyar ƙafar keken kamar na babur, saboda haka taɓo bai cika hana shi ci ba. An fara gasar duniya ta wannan irin keke a 2022, a Italiya.

Lokacin da ya fi kyau shi ne Afrilu zuwa Yuni, da Satumba zuwa Oktoba. A Yuli da Agusta rana tana da zafi ƙwarai. Matafiyi ya riƙe ruwa isasshe, da famfo, da kayan faci, ya sa hular kwano. A gangara kada ya danne birkin gaba farat ɗaya, gama tsakuwa ba ta yafe wannan. Ya kula da manyan fararen karnuka masu tsaron tumaki, da aladen daji da suke fitowa da almuru, waɗanda saboda ɓarnarsu ne aka kewaye gonakin inabi da yawa da waya. Ya kuma tuna hanyar ta manoma ce. In ya ga tarakta ɗauke da inabi, shi ne zai kauce. Sannu ba ta hana zuwa.

Abin da ya rage a warware

Kada mai karatu ya ɗauka magana ta ƙare da daɗi ga kowa. Baƙo yakan zo ya sha ƙura kwana biyu ya koma gida da hotuna, amma tsohuwar da gidanta yake bakin hanya ita take share ƙurar kowace rana. Ruwan sama yakan zaizaye tsakuwa, kowace shekara sai an gyara, ƙananan hukumomi ne kuwa suke biya. Tsofaffin gidajen gona da aka gyara sun yi tsada, da yawa sun koma hannun attajirai da baƙi, har ya zama da wuya ɗan ƙauyen da yake so ya yi aure ya zauna kusa da iyayensa ya sami gida.

Duk da haka an sami riba wadda ido yake gani. Mai gidan gona yana da baƙin da zai saukar, mai gyaran keke yana da aiki, mai cuku da mai man zaitun suna sayarwa a ƙofar gida. Mutanen Gaiole ba su jira wani ya kawo musu sabon abu daga waje ba. Sun duba abin da kakanninsu suka bari, hanya da tsohon keke da miyar wake, suka tsaya a kansa tun suna mutum 92. Iyayen da suka karanta wannan labari tare da 'ya'yansu suna iya tambayarsu, a cikin abubuwan da muke da su a garinmu, wanne ne muke rainawa yau wanda jikokinmu za su so a ce mun adana musu?